Minsharin da Ya Zama Aikina

Yaya Maryse,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ya rumfarmu ta tumatir, ana ciniki?

Taya ni murna, ƙanwarki ta zama gwana! Sana'ar rawa akwai daɗi: mu ne 'yan wasa, mu ne 'yan dako, gari zuwa gari a mota ɗaya. Gwiwata ta ɗan kumbura, kada Mama ta ji.

Wasanmu da kwanciya yake farawa, kamar gawarwaki, har a buga ganga. A garin Saskatoon ina kwanciya barci ya sace ni. Kowa ya tashi yana rawa, ni ina ta minshari, ana tsallake ni. 'Yan kallo suka miƙe suna tafi.

Shugabarmu Madam Ghislaine ta rungume ni: "'Yar nan, ashe da basira! Kullum ki riƙa yin haka, ko ki koma tumatirinki."

Tun ranar, da na hau dandamali sai ido ya bushe. Na gwada na ƙarya, ta ce, "Bai fito daga zuci ba." Ta ba ni wa'adi: in ban yi barci na gaske ba kafin mu kai garin Winnipeg, za ta kore ni.

Aiko min man zafi. Allah ya ba Mama lafiya.

Yaya, kin taɓa jin an kori mutum don ya kasa barci a bakin aiki?

Taki,
Odile