Ku Gaya wa Yusha'u Ba Shi Ba Ne

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne Sambo direba na Hayin Banki. Na rubuta wannan a shekarar 1994 da hankalina garau, jiki ne kawai ciwon hanta ya cinye. Aminu da Mariya, ku karanta a gaban ƙaninku Yusha'u.

Na ɗaya. A raba gida yadda shari'a ta ce, amma ina roƙonku ku bar wa Yusha'u ɗakin da ke kallon tsakar gida. Kada a sake sa masa kwaɗo ta waje.

Na biyu. Kada a mayar da shi gidan mari. Aminu, taurin kaina ka gado, har yau cewa kake ciwon da ke kansa aljanu ne. Wallahi ba aljanu ba ne. Mahaifiyarku Laraba wajen haihuwarsa ta rasu, ni kuwa na ɗora wa jariri laifin. In na dawo daga tashar Kawo raina a ɓace, tsohon fambel ɗin mota nake ɗaukowa. Ina dukansa ina cewa shi ya kashe uwarsa, kuma duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Da wannan ya girma. Ko taya ce ta fashe mini a hanyar Zariya, sai ya ƙi cin abinci, wai shi ne sanadi.

Bara na tarar da shi a zaure ya toshe kunnuwa, yana maimaita abin da wata murya da yake ji a cikin kansa take gaya masa. Maganganuna ne tiryan-tiryan, har da yadda nake jan sunansa. Nan na zube na yi ta kuka.

Na uku. Mariya, da ke yake sakin jiki. Ki riƙa raka shi asibiti. In ya ce maƙwabta na ƙulla masa sharri, kada ki yi dariya, kada ki biye masa. Zauna da shi har ya lafa.

Na huɗu. Fambel ɗin yana bayan ƙofata. A ƙone shi.

Na biyar shi ne ya hana ni sukuni. Ranar da na cika, muryar nan za ta ce masa shi ya kashe ni. Ku riga ta. Ku ba shi kan makara ya ɗauka a gaban jama'a, kada a ɓoye shi a ɗaki.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ku watse ku bar shi. Yusha'u, ni ciwon hanta ne ajalina, mahaifiyarka kuma kwananta ne ya ƙare. Ba kai ba ne, ɗana. Ka yafe mini.