Motar Da Ba a Sauya Wa Suna Ba

Taraz, 3 ga Afrilu

Yaya Amangeldi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Yaya Marziya da yara. Ya jikin nata? Na ba direban bas wannan takarda ne don bakina ba zai iya faɗa a waya ba.

Yaya, sun fara yanke rabin albashina. Ranar biya, mai lissafin makarantar renon da nake dafa wa abinci ta shigo har kicin, gaban kowa ta ce takardar hukuma ta zo, harajin mota na shekara shida ke kaina. Bibigul mai wanke-wanke ta ce, "Ashe da mai mota muke ferayar dankali. Ranki ya daɗe, ƙarƙashin gado kike ajiye ta?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, sannan na shiga ɗakin ajiya na daɗe ban fito ba.

Motar nan ce da ƙaninka, Allah Ya jiƙansa, ya saya da sunana. Ya ce mini ya sayar. Ashe cinikin nan ne na takardar wakilci, mai saye ya tafi da makulli, suna yana nan. Saura wata biyu sadakar shekararsa, kuma da albashin nan nake tara gari da mai da shayi. Ko ka san wanda ya saya? In ya zo ya biya, ya mayar da ita sunansa, za su sake ni.

Ka yafe mini damunka.
Matar ƙaninka, Ulbosin

Merke, 9 ga Afrilu

Ulbosin,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mai jiki da sauƙi. Na ji wani mutumin garin Shu ne ya saya, ban riƙe sunansa ba. Shawarata ki bar tone-tone. Ba a bin sawun mamaci ofis-ofis, a ce ya tafi ya bar wa mace bashi. Ga buhun gari nan a hannun direba.

Allah Ya ƙara haƙuri.
Amangeldi

Taraz, 17 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa da godiyar gari. Ban bi maganarka ba, na je ofishin hukumar da ta aiko takardar. Ma'aikacin ya ce ai motar na yawo, har kyamarar hanya ta kama ta da gudu watan jiya. Ya juyo mini da hoton. Direban na sanye da hular gashin dila, wadda na ɗinke kunnenta da baƙin zare. Da hannuna na miƙa maka ita ranar da aka raba kayan ƙaninka.

Ba ƙararka na kawo ba, Yaya. A benci na zauna na ƙirga shekara shida baya. Shekarar ce Yaya Marziya ta fara zuwa wankin ƙoda sau uku a mako. Shekarar ce kuma na ce wa ƙaninka Nurlibek, yana tsaka da cin abinci, "Danginka sun mayar da mu rijiya." Bayan mako ya ce ya sayar da mota. Na nemi kuɗin, ya ce sun tafi. Wata guda ban yi masa magana ba, a kicin na yi masa shimfiɗa.

Wasu mazan kwalbar giya suke ɓoye wa matansu. Nawa alheri ya ɓoye mini, saboda bakina. Ba shi nan balle in roƙe shi gafara.

Kada ka dawo da motar, mai jiki na bukatarta. Amma rabin albashi ba zai ciyar da baƙin sadaka ba. Ma'aikacin ya tambaye ni ko na san direban, na ce a'a. Me zan ce masa in na koma?

Ka gaida Yaya Marziya.
Ulbosin

Merke, 20 ga Afrilu

Ulbosin,

Salam. Ki ce masa kin san shi. Litinin da safe ina ƙofar ofishin, ki zo da katin shaidarki a sauya suna. Na sayar da dokin da na ware don yankan sadaka bisa al'adarmu, zai share harajin. Rago mutane za su ci, kuma za su yi magana. Zan miƙe in faɗa musu dalili da bakina.

Kada ki ɗora mini shayi. Ba zan iya shiga gidan ƙanina ba tukuna.

Amangeldi