Agogon da Ya Riga Ni Sanin Zuciyarka

Zuwa ga sanyin idaniyata, ruwan randa a tsakar bazara, inuwar ceɗiyar da raina ke hutawa, Yaya Jamaluddeen. Assalamu alaikum.

Ka san halina, ko cikin idonka ban iya kallo ba, shi ya sa na ari bakin takarda.

Ka tuna yammacin da ka zo zaurenmu da baƙin agogon nan da ka sayo a shagon Tochukwu, mai ƙirga taku da bugun zuciya? Ka ce da shi za ka riƙa auna gudunka har ka samu shiga soja. Kana zaune bisa tabarma, ba gudu ba aiki, sai ga shi yana tsuma a hannunka, wai bugun ya wuce ƙima. Wayyo ni Hanifa! Na ja mayafi na rufe fuska, na ce a raina yau abin da nake karantawa a littattafai ya sauka Tudun Wada, ga zuciyar namiji tana sukuwa saboda ni. Na shiga gida ina ta murmushi har aka tambaye ni ko lafiya. Ashe gangar gargaɗi ake buga mana, ni kuwa na ɗauke ta kiɗan biki!

Jiya abokinka Adnan ya tare ni a hanyar Islamiyya. Ya ce ka yanke jiki ka faɗi wajen gudu a filin unguwar Kongo, likita ya ce zuciyar ce, ya hana ka gudu. Ya ce ka cire agogon ka jefa ƙasan akwati, wai ya cika ƙarya, sayensa asara ne. Kuma wai Asabar ɗin nan za ka shiga gudun tantance masu neman soja, Innarku ba ta san komai ba.

Haba Yaya! Don an kife madubi sai ƙurji ya warke? Agogon ba magani ba ne, na sani, amma cikin mu uku shi kaɗai ya faɗi gaskiya ranar nan. Me zan yi da kaki, tauraron asubata, in a makara za a dawo da kai? Wa zai sake kirana 'yar littafi yana dariya?

Ina roƙonka don Allah, ka faɗa wa Inna da bakinka kafin Juma'a. In ba haka ba, wallahi ni da ban taɓa taka ƙofar gidanku ba zan zura hijabi in tafi Tudun Jukun, in durƙusa gabanta in faɗa mata duka. A ce ba ni da kunya, a ce. Ka yi fushi, ka ɗauke ƙafa daga zaurenmu, zan jure. Gara in riƙa hango ka kana wucewa ba ka ko waiwayo, da in zauna zaman makokinka a bakin ƙofa, baƙuwar da ba ta da ikon yin kuka da ƙarfi.

Taka, ko ka yafe mini ko ba ka yafe ba, har ƙasa ta rufe idona,

Hanifa