Mai Rufe Ruwan Mama

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya kuma ƙafar nan da ka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Na gaji da kiran wayar da ba ta shiga a dajin naku, shi ya sa na koma rubutu. Direban kamfaninku ya ce zai riƙa kai maka.

Mama lafiyar jiki kam sai godiya, tana ci tana sha. Mantuwar ce ta ƙaru. Yanzu wanki ya shiga ranta. Da na fita aiki sai ta kwaso kayan da na goge na ninke, ta zuba a baho, ta buɗe famfo, wani abu ya ɗauke mata hankali ta tafi ta bar shi yana zuba. Makon jiya ina kantin magani ina sallamar wani mai tari aka kira ni. Ko da na iso, ruwa na gangarowa ta matattakalar bene, takalmanmu na iyo a falo, Mama kuma ta hau kujera ta naɗe ƙafa tana tambayata wane mara hankali ne ya yi wannan ɓarna.

Namu ma da sauƙi. Ruwan ya ratsa ƙasa ya sauka ɗakin mai askin da ke ƙarƙashinmu, silin ya jiƙe ya rufto kan gadonsu. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ka dai san bakinta. Ta tsaya a tsakar gida ta wanke ni tas ba sabulu, har da cewa wanda ba zai iya riƙon tsohuwa ba ya kai ta inda za a iya. Na haɗiye, don laifin namu ne.

Mai gyaran famfo ya ce tunda ba zan iya gadin kowane famfo ba, in tare ruwan daga tushe. Ya zagaya da ni bayan bene, jikin katanga, inda mitocin ruwan gidan suke cikin wani rami mai murfin ƙarfe. Kullum ina taka murfin nan, ban taɓa sanin abin da ke ƙasansa ba. Tamu ce ta gefen hagu. Kusa da ita akwai ɗan jan mariƙi: in ya miƙe tare da bututu ruwa na tafiya, in ya gitta ya tsaya. Ya ce in riƙa juya shi a hankali, sannan in tsaya in ga allurar mita ta daina motsi.

To yanzu sana'ata ke nan kowace safiya. In cika mata bokiti da buta da gorar sha, in sauka, in ɗaga murfi, in gitta mariƙi. Ita kuma in ce mata an ɗauke ruwa a unguwa. Yaya, ban taɓa yi wa Mama ƙarya ba sai da na girma. Kuma hankalin nawa bai kwanta ba. Ina cikin bas sai zuciya ta ce anya kin rufe? Shekaranjiya har sauka na yi a hanya na dawo na duba. A rufe yake. Na makara, mai kanti ya bi ni da kallo.

Ka gaida abokan aikinka. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarka, na gode, na kuma ji daɗi da ƙafar ta lafa. Mu ma muna nan, amma ba ƙalau ba, ka zauna kafin ka ci gaba.

Mama ta fita. Na dawo da yamma na tarar da ƙofa a buɗe, babu ita, babu babban bokiti. Ruwan da na bar mata ta juye shi a baho ta jiƙa labule. Ban san lokacin da na yar da jakata ba. Na bi layi ina tambaya, mai shago ya ce ya ga wucewarta tun kafin rana ta take, ya zaci aike ne. Mai gyaran taya ya nuna gabas, mai sayar da lemo ta nuna yamma. Ka san yadda babban titin nan yake, ko mai ido biyu sai ya yi da gaske. Duk motar da ta taka birki sai na waiga.

A wurin wankin mota na same ta, can bayan gidan mai, inda ko ni ban taɓa zuwa a ƙafa ba. Tana zaune kan benci, zaninta sharkaf, bokiti cike a gabanta ta kasa ɗauka. Masu wankin sun ce tun ɗazu suke tambayarta gida, ita kuwa labarinka take ba su. Da ta gan ni ko a jikinta. Cewa ta yi in kama mata, yara za su dawo makaranta ba ruwan wanka. Mu take nufi, Yaya, ni da kai. Haka muka taho da bokitin nan, ta riƙe gefe na riƙe gefe, don ta ce ko ɗigo ba za a zubar ba.

Ni na kore ta da ƙaryata. Na ce mata babu ruwa, ita kuma ba ta taɓa zama a gidan da babu ruwa ta naɗe hannu ba.

Ka ce a takardarka in riƙa kulle ƙofa ta waje. Na gwada washegari. Na rufe mita, na hau na murza makulli, na tsaya a matattakala. Sai na ji ta taɓa ƙofar, ta sake taɓawa, sannan ta fara sallama a hankali, irin ta baƙon da ke jin nauyin masu gida. Ban iya ba. Na buɗe, na aika wa mai kanti cewa ba ni da lafiya. In wuta ta tashi fa tana ciki? Kai kana can, faɗa ba wuya. Yi haƙuri, ba faɗa nake maka ba, na san ba daɗi ya kai ka dajin ba.

Yanzu in bar ruwa a buɗe ya cinye gidan mutane, in rufe ta shiga titi. Barcin ma rabi da rabi nake yi. Mai kanti ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa, jiya na kusa ba wata mata maganin da ba nata ba. Ka faɗa mini abin yi, amma ban da kulle.

Taka,
Auta

*

Yayana na kaina,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya kai da duk na tare da kai. Ka yafe mini shirun da na yi, abubuwa ne suka sauya.

Na koma aiki, na roƙi mai shago ya riƙa sa ido a bakin layi. Sai na fara ganin abin da ban gane ba. In dawo in tarar da bahon wanki a kife, tsaf, ƙasa a goge, Mama na barci hankali kwance. In duba mita, a rufe. Rannan kuma na ga ƙananan riguna iri ɗaya guda biyu a igiyar shanyarmu. Na nemi izini na dawo da hantsi. Tun daga ƙasa na ga murfin ramin a jingine, jan mariƙi a miƙe. Na hau da gudu.

Maman 'Yan Biyu ce zaune kan kujerata 'yar tsugunno, tana cuɗa, Mama na ɗauraya tana yi mata faɗan ba ta iya matse wuyan riga ba. Ita kuwa, mai bakin nan, sai to Mama, to Mama take cewa. Da muka fito waje na buɗe baki zan yi magana ta riga ni. Ta ce ta gaji da jin tsohuwa na murɗa busasshen famfo a saman kanta, ƙarar na hana ta sukuni, kuma wanki dai dole ta yi shi, a sama ko a ƙasa. In sun gama ta sauka ta rufe. Ta ce kada in gode mata, ba don ni ta yi ba, kuma silin ɗinta har yanzu tabo ne. Na yi dariya, na yi kuka, ta ce in matsa in ba ta hanya.

Mama ba ta sake fita ba. Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya da yamma ina yanke mata farce sai ta kama hannuna ta rage murya. Ta ce in yi hankali, ta gano mai ɗauke mana ruwa. Wata mata ce mai baƙar jaka, kullum da safe tana hango ta ta tagar kicin, ta durƙusa bayan bene ta rufe, ta waiga kamar ɓarauniya, ta wuce. Ta ce da ba don Autarta da ke zuwa ta buɗe ba, da ƙishi ya kashe mu. Sai ta nuna ƙasa da yatsa, wajen ɗakin mai aski, ta ce yarinyar kirki ce, in na zauna zan gan ta.

Baƙar jakar tawa tana rataye a bayan ƙofa, tana kallonmu. Na ce Allah ya shirya matar. Ta ce amin, ta miƙo mini ɗaya hannun.

Yau da safe na sauka na rufe kamar kullum, sai dai na kasa ɗaga kai in dubi tagar. Yaya, ka nemi hutu ka zo. Kada ka jira ƙarshen aiki. Har yanzu in an ambace ka fuskarta na washewa, ka zo tun tana iya haɗa sunan da fuskar.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta