Gidan da Ke Saman Shagon Kafinta

Litinin, 3 ga Maris, biyar da kwata na yamma
Ina zaune a bakin gadon Yaya, ko takalmi ban cire ba. Yau na fara aiki a ofishin dillalan gidaje, gwajin mako biyu. Aikina rubuta tallar gidajen haya da Turanci, a ɗora a shafinsu ƙarƙashin hotuna. Gida ɗaya aka ba ni: bene, ɗaki biyu da falo, a saman shagon kafinta. Tun bara ba kowa a ciki. Oga ya ce in rubutuna ya kawo wanda zai kama shi, kujerar ta zama tawa. In kuwa bai kawo ba... sai wayarsa ta yi ƙara, bai ƙarasa ba.

Talata, 4 ga Maris
Na je da tef na auna komai. Falo mita huɗu da rabi. Taga uku. Famfo yana zuwa. Ba kuskure ko ɗaya a rubutun. Oga ya ɗaga takardar da yatsa biyu kamar a kwata ya tsinto ta. Digiri yake kirana, saboda takardar jami'ata.
"Digiri, wannan talla ce ko sakamakon gwajin jini? Ina kalmomin kwalliya? Mai yalwa, mai iska, mai shiru. Barbaɗa su, ba saye ake ba."
Na san su. Sifa da bayanau, na ci jarrabawa a kansu. Amma a jami'a ba wanda ya taɓa kwashe kayansa ya tare a cikin jimlata.

Laraba, 5 ga Maris
Mai hoton ofis ya laƙaba mini Malama Tef. A lungu yake durƙusawa ya ɗauki hoto. "In na durƙusa nan, akurki ma sai ya koma filin ƙwallo." Na yi dariya, daga baya kuma abin ya dame ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Yalwa na yarda, gwargwado. Iska akwai, na ji ta a wuyana. Amma shiru? Zarto yana farawa tun safe. Na bar gurbin kalmar. Oga ya cike da hannunsa, ya ɗora.

Asabar, 8 ga Maris
Mata da miji suka zo gani, da jinjiri yana barci a kafaɗar uwar. Muna tsaye a falo injin yankan katako ya tashi a ƙasa. Jinjirin ya zabura ya tsala ihu. Mijin ya juyo mini da wayarsa, yatsa a kan kalmar.
"Baiwar Allah, wa ya rubuta wannan?"
 Matar ce ta ce, "Ƙyale ta, aiko ta aka yi." Da ma zagina ta yi.

Lahadi, 9 ga Maris
Yaya tana guga ta ce, "Auta, ke fa ko sannu sai kin auna ta kafin ki yi wa mutum. Ki rubuta musu abin da suke so mana, shiru ai ba ya kai ƙara kotu." Mama ta kira, na ce aiki lafiya lau.

Talata, 11 ga Maris
Na koma don na rufe tagar da na bari a buɗe. Ban san me ya zaunar da ni a ƙasan falon ba.
Rana ta shigo ta taga ta tsakiya, ta kwanta a kan siminti, doguwa, kamar wadda ta gaji. Garin katako yana tasowa daga ƙasa, yana yawo a cikin hasken, ba ya sauri, ba ya sauka. Ɗakin yana ƙanshin itace sabon fashi. Zarton kuma, da na daina jin haushinsa, ashe ja yake ya saki, ja ya saki, kamar numfashin babban mutum mai barci a ɗakin kusa. Wani a ƙasa yana fito. Guduma ta buga, ta yi jira, ta sake.
Sai a raina na ga tabarma a lungu, da butar shayi, da labule mai ruwan zuma yana kumbura. Wani yana zaune a nan, ban ga fuskarsa ba, kuma ba ya jin kaɗaici. Kalmomin Turancin suka riƙa zuwa da kansu, ɗaya bayan ɗaya, kamar tattabarai a bakin taga. A hankali. Ɗumi-ɗumi. A tsanake. Ba wadda na ji tsoronta, don kowacce ina kallon abin da take nufi.
Ƙafata har ta yi sanyi. Tagar ma na manta ban rufe ba.

Laraba, 12 ga Maris
Oga ya fita, na sauya tallar. Da Hausa kusan haka take: gida mai ɗumi, mai ƙanshin katako, inda rana ke shigowa a hankali, kafintoci kuma suna aiki a ƙasa daga safe zuwa yamma, ana jin su sosai.
Da ya dawo ya karanta a tsaye. "Sosai? Sosai fa kika ce, Digiri! Kashe ni za ki yi?" Mai hoto ya ce a ba ni tef na auna hawan jininsa. Oga bai yi dariya ba. Bai kuma goge ba, ya ce a bari na ga ƙarshen taurin kaina. Ya ce jibi na ajiye masa makullai.

Alhamis, 13 ga Maris
Waya ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Mutum ɗaya ya zo. Dattijo ne mai tabarau, ya hau benen yana hutawa. Bai leƙa ɗakuna ba, bai murɗa famfo ba. Ya tsaya a tsakiyar falo ya karkata kai.
"'Yata, ke kika rubuta?" Na ce ni ce. "To ba ki yi ƙarya ba."
Ya ce tun da mai ɗakinsa ta rasu, gidansu ya yi tsit har yana jin tafiyar agogo. 'Ya'yansa suna nema masa wuri mai natsuwa, shi kuwa natsuwar ce take cinye shi. Ya tambaya ko kafintocin suna aiki ranar Asabar. Na ce suna yi. Ya ce madalla, zai yi shawara da babban ɗansa.
Na kai makullai. Oga ya tura mini su baya da bayan biro, bai ɗago ba. "Riƙe, kada su ɓata a nan."
Abin da ban sani ba har yanzu:
ko ɗan zai yarda;
ko gwiwar dattijon za ta jure benen;
ko "riƙe" na nufin na zo Litinin;
inda masu jinjirin suka samu gida;
da kuma dalilin da a hanyar dawowa na yi ta laluben kalmar da za ta dace da tafiyar wata mata mai laima, har na wuce layinmu.