Rawanin Baffa da Ƙaramar Mota

Tambuwal, daren Laraba, tsakiyar damina

Kaina ya yi zafi. Turawa biyu masu komawa gida suna sayar da motocinsu a Sakkwato, babba da ƙarama, kuɗin kusan ɗaya. Ni ƙaramar nake so, don in ta kafe a hanyar Kebbe mutum fuɗu sun isa su tura ta.

Ni da kaina na kai Baffa ya gani. Ya sunkuya zai shiga, rufin ya tuɓe masa rawani a gaban Bature. Da muka iso gida ya ce:

"Ɗana, sayi wagga in kana so. Ni jakina bai taɓa kunyata ni ba."

Shi ke nan, babbar zan saya. Ranar da ta kafe a Fakku, sai rawanin ya sauko ya tura.