Shekara Bakwai Ina Aiki da Manyan Haruffa, Yau An Ce Mini Gwaji Ne

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan hukumar da nake yi wa aiki,
Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, ina kuma roƙon Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Sunana Saratu Muhammadu, mai buga takardu a ɗakin kwamfuta da ke ƙasan bene. Ba lalle ka san fuskata ba, amma ka sha sa hannu a ƙarƙashin aikina. Da gangan na bar sunan hukumarmu ban ambata ba, domin ba tozarta kowa na fito yi ba, kai kuwa ka san da kai nake. Na biyo ta jarida ne saboda na rubuta ta hanyar ofis ban ji komai ba, na hau bene da ƙafata sakatarenka ya ce ƙaramin ma'aikaci ba ya ganinka sai ta hannun shugaban sashensa, shugaban sashen nawa kuma ya riga ya ce mini maganar ta fi ƙarfinsa.

Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. A cikin tsarin da ke tafiyar da kwamfutocinmu akwai wani wuri da ake kunnawa haruffa su ƙara girma a fuskar na'urar. Wannan shekara ta bakwai ke nan ina aiki da shi. Shin har yanzu gwaji ne, ko kuwa ya zama abin aiki? Aikina da abincin gidana suna rataye da amsar nan.

Na ɗaya. Ni 'yar manomin shinkafa ce daga fadamar Wamakko. Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa, ana ta buɗe ofisoshi ana neman masu buga tafireta ido rufe, mahaifina ya kawo ni birni da kansa na koyi aikin. Ya sha magana a garinmu a kan haka, har wasu suka daina zama kusa da shi a wurin ɗaurin aure. Bai taɓa gaya mini ba, sai bayan rasuwarsa na ji daga bakin mahaifiyata. Tun daga ranar da aka ɗauke ni, gwamnoni masu kaki sun zo sun wuce, manajoji sun zo sun wuce, ban taɓa karɓar takardar tuhuma ba sai bana.

Na biyu. Idona ya fara raguwa ne daidai lokacin da aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfutoci. Likitan ido ya ce jijiya ce, gilashi ba zai gyara ba, sai dai magani na ɗigawa da zai rage mata sauri. Ina ganin mutum, ina ganin hanya, ina tsallaka titi ni kaɗai. Ƙananan haruffa ne suke narke mini kamar an zuba wa tawada ruwa. Na ɓoye abin iya ɓoyewata, har wata rana injiniyan da ya kafa mana na'urorin, wani mutumin kirki mai suna Yakubu, ya same ni na kusa manna goshina da gilashin kwamfuta. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce in ɗan matsa, ya shiga wani lungu na tsarin, ya danna, sai ga haruffa sun tashi manya, farare a kan baƙi, kamar rubutun alli a allon firamare. Na karanta layin farko, na karanta na biyu, na fita bayan ofis na yi kuka na wanke fuska na dawo.

Injiniya Yakubu bai ɓoye mini ba. Ya ce waɗanda suka ƙera tsarin sun rubuta a gefen abin cewa na gwaji ne, amma ya sa shi a wurare da dama bai taɓa jin ya ɓata komai ba. Shugaban sashenmu na lokacin yana tsaye, ya gani, ya yarda. Da waɗannan haruffan na buga kasafin hukuma shekara bayan shekara, da jawabin manajan da ka gada, da naka na ranar da ka kama aiki.

Na uku. Da bazarar bana kwamfutar sashen kuɗi ta lalace da bayanan albashi a cikinta, albashi ya yi jinkiri, aka kafa kwamiti. Sakamakonsa shi ne sakular da ka sa wa hannu, wadda ta ce a kashe duk wani abu na gwaji a kan na'urorin hukuma. Ranka ya daɗe, ni na buga sakular nan, da manyan haruffana, ban san da ni take ba. Bayan ta fita, sabon jami'in kwamfuta, Malam Nasiru, ya bi na'urori ɗaya bayan ɗaya har ya iso tawa. Yaro ne mai ladabi, ba ni da ƙorafi a kansa. Na roƙe shi, ya sunkuyar da kai ya ce: “Hajiya, wallahi ba son raina na ba. Ga shi rubuce, su da sunka yi shi sun ce gwaji na. Ki samo mini sa hannu daga sama, in mai da miki shi yanzu.” Na tambaye shi ko wannan abin ne ya lalata na'urar sashen kuɗi. Ya ce a'a, ba a ma taɓa kunna shi a can ba.

Na huɗu. Na tashi neman sa hannun. Shugaban sashe ya ce shi ba injiniya ba ne. Jami'in mulki ya ce maganar 'yan kwangila ce. Na ɗauki izini na je ofishin kamfanin da ya kawo na'urorin, na tarar ya sauya hannu, Injiniya Yakubu ya bar garin, babu wanda ya san inda ya koma. Wanda na samu ya saurare ni sosai. Ya buɗe mini sabon tsarin da ya fito bayan namu, ya karanta mini, kalmar gwaji tana nan a gefen abin ba ta motsa ba. Ya ce haka masu ƙera waɗannan abubuwa suke, sai abu ya tsufa a hannun mutane ba su waiwayo sun goge kalmar ba, kuma shi a ganinsa babu wani haɗari. Na ce Alhamdu lillahi, to ya rubuta mini haka a takardar kamfani. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya ce yana da 'ya'ya ƙanana, idan gobe wata na'ura ta tsaya, sunansa za a gani a fayil, kuma na san zamanin da muke ciki.

Ga inda nake ke nan. Duk wanda na tambaya ya ce mini da baki babu laifi. Babu wanda ya yarda ya faɗa da alƙalami. Su kuwa masu tsarin suna can wata ƙasa, ban san ƙofarsu ba, ba su san an yi wata Saratu a Unguwar Rogo ba.

Na biyar. Bari in gaya maka yadda nake aiki tun da aka kashe shi. Yatsuna sun san wurin kowane harafi, ba na bukatar duba su. Abin da ya gagare ni shi ne in duba abin da na buga. Na sayi madubin ƙara girma a kasuwa, ina ɗora shi a kan gilashin kwamfuta ina bin kalma ɗaya ɗaya. Kafin azahar idona na zubar da ruwa, kaina na sarawa har sai na ji zan yi amai. Abokiyar aikina, Malama Binta, ta riƙa karanta mini aikina a lokacin hutunta, har aka ja mata kunne cewa nata aikin yana taruwa. Ban ga laifinta ba da ta daina.

A cikin wannan hali ne ɗaya daga cikin direbobinmu, Umaru, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ƙanensa Usmanu shi ma direba ne a wurinmu. Aka ba ni takardar ta'aziyya ta hukuma zuwa ga mahaifiyarsu, sunayen biyu suna jere a fayil ɗin da nake kwafa. Na ɗauki na mai rai. Takardar ta bi ta hannun mutum uku bayan nawa, masu lafiyayyen ido, aka buga mata hatimi, aka kai gidansu a unguwar Gidan Igwai aka karanta wa tsohuwa a gaban masu zaman makoki cewa hukuma na yi mata ta'aziyyar Usmanu. Shi kuwa Usmanu yana kan hanyar dawowa daga Gusau da motar ofis a ranar. An ce ta faɗi, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Ban jira an aike ni ba, na je gidan da kaina na durƙusa a gabanta. Ta kama hannuna ta ce: “Ɗiyata, tashi. Ba ki kashe mini kowa ba.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har yau idan na haɗu da Usmanu a bakin ƙofar ofis, shi ke fara gaishe ni, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ba na musun kuskuren, nawa ne. Na amsa takardar tuhuma na ce nawa ne. Amma ina so ka duba fayil ɗina ka ga ko akwai irinsa a duk shekarun da nake da manyan haruffa. Amsar da na samu ita ce takardar da ta ce in bayyana gaban kwamitin likitoci bayan Babbar Sallah, a duba ko har yanzu na dace da aiki. An kuma gaya mini a kan na'urar yadda take yanzu za a jarraba ni. To, ai an riga an san sakamakon. Ni ma na sani.

Na shida. Shekarun da suka rage mini in cika aiki in fita da fanshona cikakke ba su da yawa. Maigidana, Malam Sani, ɗinkin keke yake yi a ƙofar gida, bayansa kuma ya fara hana shi dogon zama. Mahaifiyata tana wurinmu, ba ta san komai game da wannan ba. Kullum da safe sai ta ce Allah ya ba da sa'ar aiki, in ce amin, in fita ina lissafin ranar da zan gaya mata an zaunar da ni. Ba yunwa kaɗai nake tsoro ba. Ina tsoron a rubuta a takarda cewa ba na gani, alhali ina gani, kuma abin da nake gani da shi yana nan cikin na'urar da ke kan teburina, an kashe shi kawai.

Da na ce zan rubuta wannan wasiƙa, Malam Sani ya hana ni. Ya ce: “Saratu, wanga zamani ba a ja da na sama. Kina jin yadda aka korar mutane ta rediyo.” Na ce masa in na yi shiru za a kore ni, in na yi magana ƙila a kore ni, to gara mai ƙila. Daga baya shi ya sauko mini da tsohuwar tafiretata daga kan kabad, ya share ta, kuma shi ya karanta mini abin da na buga, layi layi, ina gyarawa. Idan ka ga kuskure a nan, mu biyu ne muka yi shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka ba Malam Nasiru izini a rubuce ya mayar da manyan haruffa a kan na'urata ita kaɗai. Ban ce a soke sakular ba. Idan tsoron lalacewa ake yi, a raba na'urata da sauran, a daina ajiye komai mai muhimmanci a cikinta, na yarda.

Ina roƙon a dakatar da zaman kwamitin likitoci har a yi wannan. Idan kuwa ba za a dakatar ba, a jarraba ni da kayan aikin da na saba da su. Ka turo wanda ka ga dama, ya kawo takarda mafi wuya da ke ofishinka, ya zauna kusa da ni in buga in duba a gabansa. In na kasa, ni da kaina zan buga takardar ajiye aikina, ba sai an tara likitoci ba.

Ina roƙon kada a taɓa Malam Nasiru ko Malama Binta saboda na ambaci sunayensu. Ba su san zan rubuta ba.

Na ƙarshe, ina roƙon a amsa tambayar da na fara da ita. Abin da ya yi shekara bakwai yana aiki a cikin hukumarka, a gaban kowa, wa ake jira ya ce ya gama gwaji? In masu tsarin ake jira, ba su san ana jiransu ba. Ɗan kwangila ya ce ba shi ba, shugaban sashe ya ce ba shi ba. Kai kaɗai ka rage. Idan bayan ka duba ka ga har yanzu gwaji ne, ka faɗi haka da sa hannunka. Zan karɓa, in kwashe kofina da dardumata in tafi, na san dai wani ya duba maganata ya yanke. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a sallame ni a kan hukuncin da babu wanda ya yarda nasa ne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka ganinka har ƙarshen rayuwa, ya kare ka daga sa hannu a kan abin da zai tsaya maka ranar hisabi. Allah ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya albarkaci zuriyarka.

Ko wace iri ce amsar, ina roƙon a buga ta da manyan haruffa. Ina so in karanta ta da kaina, kada wani ya karanta mini.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Saratu Muhammadu,
Unguwar Rogo, Sakkwato.